Alhaji, wasiyyar 2016 ba ta san shagonka na yau ba

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Na rubuta wasiyya a 2016 da zan tafi Hajji. Bayan nan na ƙara aure, na sayar da shago ɗaya, kuma ƙanena ya zuba jari a wajena. Waccan takardar ta wadatar?

Amsa: Alhaji, Allah ya ja kwana, amma a sake ta. Amarya da 'ya'yanta ba su ne abin damuwa ba, Suratun Nisa'i ta riga ta yanka musu rabonsu. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji.

Inda rigima take shi ne cikin shago. Ranar da ta Allah ta kasance, duk dilar da aka tarar za a ɗauka taka ce. Wa zai ce wannan ta ƙanenka ce, waccan kuma an ba ka ne ka sayar ka kawo kuɗi? Ga 'yan sari da suka ɗauki kaya bashi, lissafin yana kanka ko a saƙon WhatsApp, wayar ma a kulle. Sai an biya bashi a zartar da wasiyya kafin a raba gado, don haka bashin da ba a rubuta ba ko dai ya bi ka kabari, ko marayu su yi asararsa. Ka rubuta jarin ƙanenka da kason ribarsa, ku sa hannu gaban shaidu biyu.

Idan ka ba wani ɗanka gida kyauta, ka damƙa masa tun yanzu, har da takardu. A mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu, gado take komawa.

Sunan ɗan'uwa na kusa da ka cike a banki kuma ba ya mayar da shi mai kuɗin, sai magada sun kawo takardar kotu. Ka dai lissafa duk asusunka, har da na OPay ko Moniepoint, domin su aka fi mantawa.

Ni shawarata, ka haɗa aikin da lissafin zakka, tunda lokacin ka riga ka ƙirga kaya. Ka sa kwanan wata, ka rubuta cewa sabuwar ta soke ta baya, ka karɓo tsohuwar daga hannun wanda ka ba ajiya.