Allon fedoji: wanne ya dace da ɗakinka?

Ƙanena, ka ce kuɗin da kake tarawa sun ɗan yi kauri, kana so ka sa allon fedoji, wato na'ura mai maɓallan da ake turawa sama da ƙasa don sarrafa ƙarfin sauti a manhajar kiɗa, a ɗakin ɗaukar waƙarka na Agege, amma ka rasa na ɗauka tsakanin babban Behringer X-Touch da ka gani a kasuwar Alaba da ƙaramin Korg nanoKONTROL2. Ka kuma tambaya ko babban zai sa aikinka ya fi fita tsaf.

Bari in fara da ta ƙarshen: ba zai sa ba. Ko ɗigon sauti ba ya bi ta cikin waɗannan alluna, kama kawai suke yi da miksa. Abin da suke aika wa kwamfuta lambobi ne, da yaren MIDI da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi tun 1983. Ka tura feda sama, ta gaya wa manhaja lamba, manhaja ta ɗaga murya. Shi ke nan. In muryar da ka ɗauka tana da ƙarar janaretan maƙwabci a ciki, to kuɗinka na makirfo ne da gyaran ɗaki, allo ya jira.

Inda suka rabu da gaske shi ne mota, wato ɗan injin lantarki da ke motsa feda. Fedojin X-Touch guda tara ne, kowace tsawonta milimita 100, kuma kowace da 'yar mota a ƙarƙashinta. Ka buɗe waƙar da ka bari jiya, za ka ga sun tashi da kansu kowace ta koma inda ka aje ta. Na nanoKONTROL2 takwas ne, gajeru, ba mota. Ga inda matsala take fitowa: waƙarka tana da layi ashirin da huɗu, kowace murya ko kayan kiɗa da layinsa, allo yana riƙe takwas a lokaci guda. Ka gama da kalangu da ganguna, ka tsallaka zuwa rukunin 'yan amshi. A manhaja muryarsu tana can sama, fedar da ke gabanka kuwa tana ƙasa inda ka bar ta. Kana taɓa ta sai murya ta faɗo gaba ɗaya. Manhajoji da dama suna da maganin haka, su ƙi jin fedar har sai ta iso daidai inda layin yake, amma kullum idonka yana kan kwamfuta kana laluben wurin. Alhali dalilin sayen allo tun farko shi ne ka ɗauke ido, ka bar kunne ya yi aiki. Babban yana da ƙananan tagogi a saman fedoji takwas na layuka da ke rubuta sunan layi, don haka ba ka ɓata.

Sai maganar yare tsakanin allo da manhaja, wadda yara da yawa ba sa tambaya sai sun kai kaya gida. Akwai tsarin Mackie Control, wanda manhajojin Cubase da Logic da Studio One da Ableton Live suke ganewa. Akwai kuma HUI, tsohon tsari na 1997, shi Pro Tools yake ji. X-Touch yana magana da duka biyun. Akwai kuma allunan da aka ƙera domin manhaja ɗaya tak: Akai Fire da Novation FLkey na FL Studio ne, APC40 na Ableton ne. A gidansu ba su da na biyu, kana jonawa sun san komai. Ka kai su wata manhaja kuwa, sai ka zauna kana koya wa kowane maɓalli aikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka manta a Legas kake. Ƙaramin Korg da irinsu Akai MIDImix daga wayar USB suke shan wuta, in an ɗauke wuta laftof tana kan batir su ma suna raye. Masu mota sai an jona su a bango. Mawaƙi yana tsakiyar baiti a ɗauke wuta, allo ya mutu, wani lokaci sai ka sake buɗe manhajar kafin ta gan shi. Duk wanda zai sayi mai mota ya sa kuɗin UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, a lissafi, da ƙyallen rufe allon, domin ƙura da damshin garin nan cikin ramin feda suke kwana.

Yanzu dubi yadda kake aiki. Kiɗa kake bugawa a FL Studio da fiyanonka, sannan ka ɗauki murya ka tace a Cubase. Kai kaɗai ne a ɗakin, hannu biyu gare ka. A duk waƙar, wurin da yake bukatar yatsa da gaske shi ne muryar mawaƙi: ka ɗaga ƙarshen kalmar da ta nutse, ka sassauta inda ya yi ihu, ka ba 'yan amshi hanya su shigo. Wannan aikin feda ɗaya ce ke yinsa, amma doguwa mai mota, mai jin taɓawar yatsa, yadda manhaja za ta haddace motsin hannunka ta maimaita shi. Shi ya sa ni ba ɗaya daga cikin biyun da ka kawo zan ce ka ɗauka ba. Nemi PreSonus FaderPort mai feda guda, ko X-Touch One. Duk layin da ka zaɓa fedar tana binsa, ga maɓallan ɗauka da tsayawa da komawa baya a ƙarƙashin hannunka, kuma ba za ta cinye maka tebur ba. Babban X-Touch na mai ɗaukar makaɗa da yawa ne a lokaci guda, yana riƙe fedoji huɗu ko biyar da yatsunsa. Ranar da ka kai nan za ka sani. In kuwa kuɗin ba su kai mai mota ba, ɗauki Korg ɗin ba kunya, ka yi amfani da shi wajen murɗa ifek, wato adon sauti, da tsayar da ɗauka, muryar kuma ka zana ta da maus.

In na hannu za ka saya, tokumbo, tafi da laftof ɗinka har shagon. Jona shi a gaban mai kaya, buɗe waƙa mai layuka da yawa, canza rukuni ka ga ko fedar tana tafiya sumul ko tana karkarwa. Ɗora yatsa a kanta tana cikin tafiya, ya kamata ta tsaya ta saurare ka. Danna kowane maɓalli, kuma kada ka biya sai an ba ka adaftarsa ta asali.