Ɗana Ya Fi Son Shagon Gyaran Waya Da Zaman Aji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji uku na ƙaramar sakandare a Agege. Kullum da kayan makaranta yake fita, amma malaminsa ya shaida mini cewa yana yawan fashi. Da na bincika, ashe kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Computer Village da ke Ikeja yake tafiya wajen wani mai gyaran waya. Na yi faɗa, na yi duka, a banza. Shin in cire shi ya kama sana'ar kawai?
Wani mahaifi, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka cire shi, bulalar ma ka ajiye ta. Yaron da zai jure cunkoson motocin haya na danfo har Ikeja don ya wuni yana kwance waya da ɗan ƙaramin sukundireba ba malalaci ba ne. Abin da ya ishe shi shi ne kwafar rubutu tun safe har azahar ba tare da hannunsa ya taɓa komai ba.

Tun da bai gama aji uku ba, ka sa masa sharaɗin ya daure ya rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, kai kuma ka nema masa kwalejin fasaha. Gwamnatin Legas tana da guda biyar a ƙarƙashin LASTVEB, hukumar ilimin fasaha da sana'a ta jihar, wato a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba, kuma ta Agidingbi ce ta fi kusa da ku. Shekara uku ake yi ana koyon lantarki ko kanikanci ko gini tare da Turanci da Lissafi, sannan a rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992, wadda takardarta kan kai ɗalibi har babbar kwalejin fasaha ta Yaba. Fashi yana da wuya a irin wannan karatu, domin wayoyin lantarkin da ka fara haɗawa jiya suna nan kan teburi suna jiran ka, abokan rukuninka kuma ba za su rufa maka asiri ba.

Kafin lokacin, ka je makarantarsa ka tambayi ƙungiyoyin ɗalibai, irin su JETS ta masu ƙere-ƙere da MSSN ta ɗalibai Musulmi, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954. Wasu dai suna ne kawai a takarda, saboda haka ka nemi ganin malamin da ke kula da su. Idan aka ɗora masa wani nauyi, ko da haɗa lasifikar taro ne, 'yan'uwansa za su fara cigiyarsa kafin malami ya kira suna.

Maigidan shagon kuma ka same shi da mutunci, ku yi yarjejeniya cewa ba zai karɓi yaron ba sai bayan an tashi makaranta da kuma ranar Asabar.