Tambaya da Amsa: Wai gaskiya ne mai shanyewar jiki na iya tuƙa jirgin ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tudun Wada ne a nan Zariya, shekara shida kenan ina kan keken guragu mai batir tun da na yi hatsari. Na ga wani bidiyo a Facebook, wata Baturiya tana tuƙa jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, kuma hannunta ko motsi ba ya yi. Dan Allah gaskiya ne ko haɗi ne? In gaskiya ne, ya ake kula da kayan wutar tunda a ruwa suke?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ne wallahi, ba haɗi ba ne. An yi wata 'yar Ingila, Hilary Lister, wadda ta rasu a 2018, daga wuya zuwa ƙasa jikinta ba ya aiki, amma a 2005 ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa ita ke tuƙi, cikin awa shida da 'yan mintoci, a 2009 kuma ta zagaye Birtaniya. Da baki take yi. Siraran bututu ne a gabanta kamar na shan lemo, in ta busa ko ta zuƙa sai na'ura ta ji canjin iskar ta ba ƙananan injinan lantarki umarni, ɗaya ya juya allon da ke bayan jirgi wanda shi ne sitiyarinsa, ɗaya kuma ya naɗe ko ya saki igiyar ƙyallen da iska ke turawa.

Wanda hannunsa ke ɗan motsi ma ba sai ya kai ga bututu ba, 'yar sandar nan da ke hannun kekenka, irinta ce sak ake sa wa jirgin. Akwai ƙaramin jirgi Hansa 303 da aka ƙera a Ostareliya, mutum yana zaune ne can ƙasa a cikinsa, kuma akwai ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi da ke hana shi kifewa. Wasan tseren jiragen ruwa da iska ke turawa ya shiga gasar nakasassu ta duniya daga Sidni 2000 har Riyo 2016 sannan aka cire shi, abin da ni dai har yau yana min ciwo.

To batun kula kuma, nan ne aikin yake, kuma zai amfane ka ko a kekenka. Babban makashin kayan nan damshi ne, musamman ruwan gishiri, yana shiga bakin waya ya yi wani kore-kore, sai ka ga 'yar sanda tana amsawa yau gobe ta ƙi, kai kana zaton injin ne ya mutu alhali bakin filogi ne kawai ya ci. Shi ya sa duk fita in an dawo ana ɗauraye jirgin da ruwan daɗi, a cire akwatin sarrafawa a shanya shi a inuwa, a shafa ɗan giris na kayan wuta a bakin filogi. Batirin kuma, in irin na dalma ne mai bolt 12, kar a bari ya sauka ƙasa da rabi kuma kar ya kwana ba caji, don in ya jima a haka ba ya ƙara riƙe wuta kamar da. Mu nan ga zafin bazara ga ƙurar hunturu, duka biyun suna gajarta masa kwana, saboda haka kar ka ajiye kekenka a rana, in wuta ta yi wuya ko sola ce ka nema.

Kafin a sa jirgi a ruwa sai an gwada hagu da dama, an ja igiya an saki, an duba fiyus. Kuma ba a fita sai da rigar da ke hana nutsewa da wani jirgin mai inji yana biye, ko da a ruwa mai kwanciya ne kamar dam ɗin Shika, saboda in batir ya ɗauke a tsakiya mai tuƙi da baki ba shi da yadda zai juyo da kansa.