Tambayoyinku kan Kwamfuta: Robot Uku, Batir Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar farko ta nazarin kimiyyar kwamfuta, kuma an fara koya mana salon rubuta manhaja wanda ake ginawa a kan abubuwa, wato OOP a taƙaice. Na haddace ma'anar kilas da abu da gado tsaf, amma da zarar na zauna gaban kwamfuta sai in rasa ta inda zan kama. Wani abokina ya ba ni shawarar in ƙera robot na gasa a cikin kwamfuta, ba na ƙarfe ba, in sa su tsere. Na rubuta guda uku da harshen Java, na sa layin `static int batir = 100;` a cikin kilas ɗin domin kowanne ya fara da caji ɗari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, cajin yana ƙarewa tun kafin lokacin da na lissafa, kuma duka ukun suna tsayawa cak a lokaci guda. Ina kuskuren yake? Sannan wannan hanyar koyo ce ta gaske, ko kuwa wasa ne da zai cinye mini lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kalma ɗaya tak ce ta jawo maka wannan matsala, ita ce `static`. A harshen Java, duk bayanin da aka liƙa wa wannan kalma ya zama mallakin kilas ɗin kansa, ya daina zama na kowane abu da aka fitar daga cikinsa. Ke nan robot ɗinka uku batir ɗaya suke zuƙa baki ɗayansu. Idan kowanne yana cin caji ɗaya a duk taku, to caji uku ne ke tafiya a zagaye guda, kuma maimakon kowanne ya yi taku 100, kafin a kammala zagaye na 34 cajin ya ƙare wa kowa. Goge kalmar, ka sa `private` a gurbinta, ka sake kunna tseren, za ka ga kowane robot yana tafiya da nasa cajin, kuma wanda ya fi yawan juye-juye shi zai riga tsayawa.

Ka lura da abin da ya faru a nan. Kilas tamkar zanen da injiniya ya yi a takarda ne, wanda ya nuna cewa robot yana da batir da tayu da wurin da yake tsaye, kuma yana iya ci gaba ko juyawa. Abu kuwa shi ne robot ɗin da aka ƙera bisa wannan zane, mai nasa cajin da nasa matsayin a fili. Wannan bayani ka riga ka haddace shi, amma sai da ka ga robot uku sun tsaya a lokaci guda sannan ya shiga kanka sosai, domin gani ya kori ji.

Batun ko wasa ne kuwa, tarihin wannan salo ma ya isa amsa. Daga kwaikwayon abubuwa a cikin kwamfuta aka haife shi. A farkon shekarun 1960, a cibiyar nazarin kwamfuta ta ƙasar Norway da ke birnin Oslo, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suna neman harshen da za su bayyana tsare-tsaren da abubuwa masu yawa ke gudana a cikinsu lokaci guda, kowanne da halinsa, kamar layin masu jiran a yi musu hidima. Sakamakon aikinsu shi ne harshen Simula, wanda sunansa ma daga kalmar kwaikwayo aka samo shi, kuma a sigarsa ta 1967 ne kilas da abu da gado, wato kilas ya gaji ayyukan wani kilas, suka bayyana. A kan wannan aiki aka ba su lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001. Bjarne Stroustrup ya yi amfani da Simula lokacin da yake digirinsa na uku a Cambridge, kuma abin da ya gani a cikinsa ne ya sa a 1979 ya fara ƙara kilas a kan harshen C, aikin da daga baya ya zama C++. Saboda haka mai koyon OOP ta hanyar robot na kwaikwayo, irin matsalar da aka ƙirƙiri salon dominta yake warwarewa.

Da zarar tserenka ya daidaita, ina ba ka shawarar ka gwada Robocode, wanda Mathew Nelson ya rubuta, kamfanin IBM ya fitar a 2001, kuma kyauta ne. A cikinsa kowane mai shiga gasa yana rubuta ƙwaƙwalwar wata 'yar tankar yaƙi, a zuba su a fili, su fafata ba tare da wani ya taɓa madannai ba. Layin da zai buɗe kilas ɗinka zai ce `extends Robot`, kuma gado ke nan: tun kafin ka rubuta komai, tankarka ta gaji iya tafiya da `ahead`, juyawa da `turnRight`, da harbi da `fire`. Aikinka shi ne ka sake rubuta wasu ayyuka kaɗan yadda kake so, musamman `onScannedRobot`, wanda manhajar gasar ke kira duk lokacin da na'urar hangen tankarka ta gano abokin gaba. Manhajar ba ta damu da wace irin tanka take kira ba. Suna ɗaya take kira a kan kowa, amma wata tankar ta yi harbi nan take, wata ta ja da baya, wata ta lissafa inda abokin gaba zai kasance kafin harsashi ya isa. Wannan shi ne abin da littattafai ke wahalar da ɗalibai a kansa, wato suna ɗaya mai aiki iri-iri gwargwadon abin da aka kira shi a kansa.

Darasin da na fi so a wannan gasa shi ne na killace bayani. Kowace tanka tana farawa da ƙarfi 100, kuma tana iya tambayar nawa ya rage mata ta hanyar `getEnergy`, amma babu ƙofar da za ta bi ta ƙara wa kanta. Ƙarfin yana canzawa ne kawai bisa doka. Harsashi yana da nauyi daga 0.1 zuwa 3, kuma nauyin da ka harba shi ake cire maka. Idan ka harba mai nauyin 3 ya sami abokin gaba, ya rage masa 16, kai kuma a mayar maka da 9. Da a ce kowa zai iya rubuta cewa ƙarfinsa miliyan ne, da gasa ta watse tun ranar farko. To `private` ɗin da na ce ka sa, wannan aikin take yi wa batirinka.

Gargaɗi ɗaya zan ƙara, domin masu koyo kan ɗauki gado tamkar maganin kowace cuta. Kada ka sa kilas ɗin robot ya gaji kilas ɗin batir. Robot ba nau'in batir ba ne, batir yake da shi, don haka batir ya zama kilas mai zaman kansa wanda robot ke riƙe da shi a matsayin sashensa. Amma ka tabbata kowane robot ka ƙera masa sabon batir da `new`, domin idan ka ƙera ɗaya ka miƙa wa duka ukun, ka koma gidan jiya ta wata ƙofar.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malama ce mai koyar da kwamfuta a sakandare, kuma ba mu da kayan haɗa robot na gaske. Shin abin da yara suka koya a kwaikwayo zai amfane su ranar da suka sami na ƙarfe?

Amsa: Barka kadai, Malama. Tsarin tunanin zai bi su gaba ɗaya, amma lissafin ba zai bi su yadda yake ba. A cikin kwamfuta, idan aka ce robot ya yi gaba mita ɗaya, mita ɗaya zai yi babu ragi babu ƙari. Na ƙarfe kuwa tayarsa tana zamewa, na'urar auna nisa tana ba da amsa mabambanciya a wuri ɗaya, kuma ƙarfin injinsa yana raguwa yayin da batir ke sauka. Dabarar ita ce ki sa yaran su ware na'urar auna nisa a kilas nata, mai aiki ɗaya da ke mayar da nisan, sannan ki sa su cusa ɗan kuskure na ba-zata a cikin amsar, misali santimita biyu sama ko ƙasa. Wanda robot ɗinsa ya dogara da amsa guda zai fara karo da bango, wanda kuma ya koyi ɗaukar matsakaicin awo biyar zai wuce lafiya. Ranar da kayan gaske suka iso, kilas ɗin na'urar za a sauya, mafi yawan sauran rubutun ya zauna yadda yake.

Haka manyan gasanni ke yi. A gasar FIRST ta 'yan sakandare, wadda aka fara a Amurka a 1992, ɗalibai suna raba robot gida-gida, sashen tuƙi da kilas nasa, hannun ɗaukar kaya da nasa, kuma manhajar WPILib da suke amfani da ita tana zagayawa kan waɗannan sassa duk bayan milisakan 20, tana kuma ba su damar gwada rubutunsu a kwamfuta kafin a ɗora shi a kan robot. Gasar RoboCup, wadda aka fara a Nagoya ta Japan a 1997, tun farkonta tana da rukunin ƙwallon ƙafa na kwaikwayo zalla, 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, kowannensu manhaja ce mai yanke shawara da kanta. Idan yaran suka ƙware har suna buƙatar fili mai nauyi da zamewa irin na gaske, manhajar Webots ta zama kyauta ga kowa tun Disambar 2018.

Tambaya: Malam, da Java zan fara ko da Python?

Amsa: Fara da wanda ake koya muku, ɗan'uwa, domin kilas da abu da gado duk suna nan a cikin biyun. Python ya fi saurin rubutawa, Java kuma ya fi tilasta wa mutum bayyana abin da ke ɓoye da abin da ke fili. Sai dai tarkon batir ɗaya yana nan a Python ma, cikin wata siga: idan ka rubuta jerin wuraren da robot ya bi kai tsaye a jikin kilas, duk robot ɗinka za su riƙa zuba sawunsu a jeri guda. Rubuta shi a cikin `__init__`, wato aikin da ke gudana duk lokacin da aka ƙera sabon abu, tare da `self` a gabansa, kalmar da ke nufin abun da kansa, kowanne zai sami nasa.