Babu kuɗin kayan Kirsimeti na yara, ya zan yi?

'Yar'uwa kin ce bana babu kuɗin ɗinka wa yara kayan Kirsimeti har sun fara ɓata rai, gaskiya na san zafin nan don bara haka ta same mu. Daren 24 ga Disamba na wanke tsofaffin kayansu na goge tsaf, muka zauna kan tabarma na karanta musu Luka sura 2, yadda aka kwantar da Yesu a komin dabbobi, sai kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Washegari bayan coci autata ta kai wa Hajiya maƙwabciyarmu kwanon shinkafa, ta dawo da alawa tana ta tsalle. Don Allah kar ki ci bashi, ga kuɗin makaranta a Janairu.