Amsa ga 'yar'uwar da ake cire wa kuɗi bayan gwajin kyauta

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya mayar miki da alheri. Na karanta tambayarki: kin sauke manhajar gyaran hoto don tallan ɗinkinki, aka ce kwana uku kyauta ne, kika sa katin banki, kika goge ta kafin kwanakin su cika, amma ga shi duk mako sai saƙon cire kuɗi ya shigo. Kina son sanin ko kutse aka yi miki, kuma ko kuɗin zai dawo.

Sana'ata gyaran waya ce da saita manhajoji, kuma irin wannan kukan ba baƙo ba ne a shagona. Ga dukkan alamu ba kutse ba ne. Ranar da kika sa katin nan kika danna maɓallin, kin ba su izinin su riƙa cire kuɗi har sai kin ce su daina. Shirunki a wajensu amincewa ne. Goge manhaja daga waya ba ya soke komai, domin yarjejeniyar ba a cikin wayar take ba, tana kan asusunki na Google ko Apple, ko a wajen kamfanin kansa. Ko wayar ta faɗa rijiya, kuɗin zai ci gaba da fita.

Don haka kafin ki ƙarasa karanta wannan, ki ɗauki wayar. In Android ce, ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki da ke sama ta dama, ki shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Nan za ki ga sunan manhajar, da farashin, da ranar da za a sake cira. Ki soke, ki bi su har ƙarshe, domin za su tambaye ki dalili, wasu ma su yi miki tayin ragi. Kada ki tsaya sai kin ga an rubuta an soke, sannan ki ɗauki hoton shafin ki ajiye. In kina da Gmail fiye da ɗaya a wayar, ki duba kowanne, don sau da yawa abin yana ɓoye ne a wanda mutum ya manta da shi. In iPhone ce, Settings, sai sunanki, sai Subscriptions. In kuma ba ki gan ta a can ba, to a shafin kamfanin kika sa katin kai tsaye. Ki nemi saƙon da suka aiko miki ta imel ranar da kika yi rajista, har cikin akwatin tarkace, ki bi ta nan.

Na ga wasu a nan suna cewa kwaɗayin banza ne ya jawo. Ku yi mata adalci. Ina riƙe wayoyin mutane kullum, ina ganin yadda ake tsara shafukan nan. Maɓallin karɓar gwaji ƙato ne, mai launi, a tsakiyar allo daidai inda babban yatsa yake sauka. Alamar fita kuwa 'yar mitsitsiya ce a kusurwa, launin toka, wani lokaci ma sai bayan 'yan daƙiƙoƙi take bayyana. Farashin yana can ƙasa da rubutun da sai ka kanne ido, kuma an rubuta shi da dala, na mako ba na wata ba. Mutum ya ga dala 5 ya raina, alhali dala 260 ke nan a shekara, a kan manhajar da ba ta fi wadda ake samu kyauta ba. Wannan ba kuskure ba ne, da gangan aka zauna aka zana shi haka. Mai kilishi in zai ba ki ɗanɗano ba ya cewa ki fara miƙo masa jakarki ya riƙe. Duk gwajin da ya nemi kati tun farko, lissafin mai shi a kan mantuwarki yake.

Kuma ba mu kaɗai ake yi wa ba. A 2021 kamfanin Avast mai tsaron kwamfuta ya gano manhajoji 204 masu wannan hali a shagunan Google da Apple, an sauke su sama da sau biliyan ɗaya, sun tara fiye da dala miliyan 400. Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga zargin ba. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta maka Amazon, kamfanin sayayya ta intanet, a kotu bisa zargin shigar da mutane tsarinsa na biyan kuɗin mamba mai suna Prime ba tare da cikakkiyar yardarsu ba, da kuma wahalar da mai son fita. A Satumban 2025 aka sasanta a kan dala biliyan 2.5, inda biliyan 1.5 za ta koma aljihun masu sayayya. In wanda Turanci harshen uwarsa ne ya faɗa, ina ga mai sana'ar da take sauri ta ɗora hoton atamfa kafin a ɗauke wuta?

Mu nan Najeriya akwai wani abin da ya ƙara tona mu. Tun 2022 yawancin bankuna suka rufe sayayyar ƙasar waje da katin naira, sai mutane suka saba da sa kati ana ƙin karɓa, suka daina jin tsoro. A tsakiyar 2025 wasu bankuna suka sake buɗewa. Tun daga lokacin masu zuwa mini da wannan matsalar suka ƙaru.

Batun dawowar kuɗi, ba zan yi miki alkawari ba, amma kada ki haƙura ba ki gwada ba. Gaggawa ita ce komai. A Google, in ba a wuce awa 48 da cirewar ba, kina iya neman a mayar miki ta shafinsu na taimako. In ya wuce haka, yawanci sai su tura ki ga mai manhajar, kuma imel ɗinsa yana nan a shafin manhajar a Play Store. A Apple, shafin reportaproblem.apple.com ne. Ki rubuta a taƙaice: ba a nuna miki farashi a fili ba, ba ki yi amfani da ita ba, kin soke ranar kaza. Abin da na fi gani shi ne na ƙarshe da aka cire ya dawo, na baya kuma su yi wuya.

In sun yi shiru, ko suka sake cira bayan kin soke, sai banki. A nan hoton da kika ɗauka zai yi miki rana. Ki shigar da ƙorafi a rubuce, ki ce kina ƙalubalantar cirewar, ki karɓi lambar ƙorafin, kada ki yarda da "za mu duba" ta fatar baki. Ki faɗi gaskiya cewa ke kika sa katin, amma an ɓoye sharaɗi ko an ƙi sokewa. In kika ce ba ki san komai a kai ba, kamfanin ya kawo shaidar rajistarki, maganar ta mutu. Kina da abin kafa hujja, domin tun Afrilun 2020 Visa, mai katunan banki, ta wajabta wa masu irin wannan tayin su sanar da mai kati sharuɗɗan a fili, su kuma ba shi hanyar sokewa mai sauƙi ta intanet. In mako biyu ya wuce banki bai yi komai ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya yana karɓar ƙara, haka ma hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC. In babu hanyar sokewa kwata-kwata, ki sa a toshe katin a ba ki sabo.

Don gaba, abin da nake saita wa duk wanda ya kawo mini waya ke nan. Asusun da jarin sana'a yake ciki, katinsa ba ya hawa intanet. A buɗe wani daban, a riƙa zuba masa daidai abin da za a kashe. Manhajojin bankuna da dama suna da wurin kashe sayayyar intanet ko ta ƙasar waje, a bar shi a kashe sai ranar buƙata. A Play Store a kunna neman kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowace sayayya, musamman gidan da yara ke karɓar waya su yi wasa. Wata baiwar Allah ta zo tana rantsuwa ba ta taɓa sayen komai ba, muka buɗe jerin, sai ga manhajar zanen yara, jikanta ne ya danna. In kuma lallai kina son gwada abu, ki soke a zaman da kika yi rajistar. A Play Store galibi za ki ci gaba da mora har kwanakin su ƙare. Apple kuwa da kansa yake cewa a soke aƙalla awa 24 kafin wa'adi ya cika.

Akwai 'yan'uwan wannan cuta da ya kamata 'yan gidan nan su sani. Ɗaya ita ce tallan maganin rage ƙiba ko man gyaran fata, a liƙa hoton wani sananne ba da saninsa ba, a ce kuɗin aike kawai za ka biya, sai wata ya zagayo a cire na kwalba cikakke. Ɗaya kuma ta katin waya ce: ka sa kati ya narke ba ka kira kowa ba, ashe an shigar da kai wani tsari na labarai ko kiɗan kira da aka fara da kyauta. Wannan ka kira kamfanin layinka su cire ka daga duka, ka tura STOP zuwa 2442 don rufe saƙonnin talla, in sun ƙi saurara ka kira hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne.

Wanda ya fi duka muni shi ne saƙon da ake yaɗawa a WhatsApp na data kyauta ko kallon fim wata guda kyauta, a nemi lambar kati da PIN da lambar da banki ke turowa. Wannan ba gwaji ba ne, sata ce tsagwaronta. Kuma tunda kin yi magana a fili, 'yar'uwa, ki sa ran wani zai biyo ki ta akwatin sirri ya ce ma'aikacin banki ne ko ƙwararre, zai dawo miki da kuɗinki in kin biya wani abu ko kin tura masa lambar da ta shigo wayarki. Kada ki ba shi, ki toshe shi, ki sanar da shugabannin zauren nan.

In kin duba ba ki ga manhajar a jerin ba, ki rubuto mana sunan da ke fitowa a saƙon cire kuɗin kawai, ban da lambar asusu ko ta kati, in sha Allahu za mu taya ki gano inda za ki soke.