Tanko da Delu ba sunan ƙauye ba ne: amsar tambayoyinku a kan sunaye

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka shafi suna sun taru da yawa a hannuna, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wata baiwar Allah daga unguwar Zango ta ce: "Malam, na haifi namiji bayan mata uku. Uwar mijina tana kiransa Tanko, ni kuwa ba na so, sunan ƙauye ne. Mece ce ma'anarsa?"

Allah ya raya, ya sa mai jin ƙanku ne. Ma'anar tana cikin tambayarki, ƴata: Tanko shi ne namijin da ya zo bayan mata. Da mace kika haifa bayan maza a jere, da Delu ko Kande za ta kira ta. Surukarki ba ta taɓa sunansa na yanka ba, wanda aka raɗa masa aka yanka rago a kansa ran bakwai. Wannan yana nan daram. Laƙabi ta ba shi, kuma ba jika laƙabi hakkin kaka ne tun fil azal.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne "sunan ƙauye". Na gaji da jin wannan magana a bakin ƴaƴanmu. Kakanninmu ba su da takardar haihuwa, ba su da kalanda a bango, suna shi ne rajistarsu. Idan aka ce maka Marka, ka san a tsakiyar damina ta zo, lokacin da ruwa ba ya ɗaukewa. Nomau ya zo ana cikin gona. Azumi da Ɗan'azumi watansu a bayyane yake, haka Sallau da Tasalla. Shekarau ya daɗe a ciki har aka fara ƙirga watanni da fargaba. Cindo yatsa shida gare shi. Audi bai tarar da ubansa a duniya ba, Talle kuwa maraici ya same shi tun yana cikin zanen goyo. Mutum zai faɗi sunansa kurum, dattijon da bai taɓa ganinsa ba ya san rabin tarihin gidansu, ya san irin gaisuwar da zai yi masa.

Ku dubi Ajuji da Ajefas. Waɗannan sunayen ƴaƴan mai wabi ne, matar da take haihuwa ƴaƴan suna komawa. Sai a nuna kamar ba a damu da jaririn ba, a ce na juji ne, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Camfi ne, rai a hannun Allah yake, kuma ba na cewa a koma ga wannan aiki. Amma duk inda na ji an kira Ajuji, hawayen wata uwa nake ji wadda ta binne biyu ko uku. Wanda zai yi wa wannan suna dariya bai san abin da yake yi wa dariya ba.

Sannan a nan Damagaram wa zai raina sunan gargajiya? Tanimu sunan rana ne, na wanda aka haifa ran Litinin, ɗan'uwan Ɗanliti da Altine. Da shi duniya ta san sarkin da ya kewaye Birni da ganuwa, ya yi mulki har 1884. Sarki Amadu da Faransawa suka tarar a 1899, in ba ka ce Kuran Daga ba, wa zai gane wanda kake nufi? Laƙabi ya haɗiye sunan yanka, kuma babu wanda ya ce ƙauyanci ne. Ki bar tsohuwa ta kira jikanta Tanko, ke ki kira shi da wanda kike so. Gida ɗaya yana ɗaukar suna uku ga yaro ɗaya.

Wani ɗalibi ya tambaya ko duk mai suna Balarabe yana da jinin Larabawa.

A'a. Ran Laraba aka haife shi, shi da Bala da Larai.

Wani daga Magariya yana son fassarar "suna linzami".

Doki yana cikin tafiya, ka ja linzami, ya juyo. Haka mutum a tsakiyar Kasuwar Dole, hayaniya ta cika ko'ina, ka ambaci sunansa sai ya waiwayo ko bai yi niyya ba. Asalin maganar ke nan. Masu wa'azi sukan faɗaɗa ta su ce suna yana jan mai shi zuwa ga halin sunan. Ban ƙi wannan ba, darasi ne mai kyau, amma a san cewa ƙari ne a kan ma'anar farko.

Wani magidanci daga Sabon Gari ya ce: "Allah gafarta Malam, maiɗakina tana son mu sa wa ƴarmu Afnan, ta ce a Alƙur'ani yake. Daga ina waɗannan sababbin sunaye suke fitowa?"

Ta yi gaskiya. Yana cikin Suratur Rahman, aya ta 48, inda ake siffanta gidajen Aljanna biyu masu rassa. Afnan jam'i ne, ma'anarsa rassan itace. Babu aibu a cikinsa, ku sa abinku.

Sai dai hujjar "a Alƙur'ani yake" ita ce ba ta isa ba, kuma ita nake ji kullum. Fir'auna ma yana ciki, da Hamana, da Ƙaruna. Ana buɗe Mus'hafi a tsinci kalma don daɗinta a kunne, ba a tambayi kowa ba, alhali garin nan malamai ko'ina, ga Garin Malam can sunansa ma ya faɗa. Larabci kuma harafi ɗaya yana juya shi. Asiya matar Fir'auna, baiwar Allah mumina, da alifi da sinun ake rubuta ta. Akwai wata Asiya da ainun da sadi, ma'anarta mai saɓo, ita ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa ƴar Sayyadina Umar ya mayar da ita Jamila. A bokonmu duka biyun rubutunsu ɗaya. To wanda ya tsinci suna a waya, cikin haruffan boko, ta yaya zai rarrabe?

Game da inda suke fitowa: suna ma yayi gare shi kamar atamfa. Iyayenmu Hadiza ne da Zainabu da Mariyama da Balkisa. Bayansu aka shiga Nafisa, Samira, Farida, Rashida. Yanzu ka leƙa ajin ƙananan yara ka ji Hanan, Ilham, Iman, Amira, Aiman, Sultan. Islamiyyu sun kawo nasu, ɗaliban da suka yi karatu a Madina da Masar da Sudan sun dawo da nasu, fina-finan Kano da na Indiya masu fassara sun zuba nasu, waya ta zo ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Labarin duniya ma yana raɗa suna: bayan yaƙin Iraƙi na 1991 an sami Saddam a gidajen Hausawa, bayan 2001 Usama ya yawaita, ko da yake shi tsohon suna ne na sahabi, Usama ɗan Zaidu.

Akwai abin da nake lura da shi wanda ya shafi harshe kai tsaye. Sunayen da suka shigo da daɗewa, Hausa ta tauna su ta sa musu wasali a ƙarshe: Adamu, Yusufu, Zainabu, Usmanu. Ta kuma haifa musu ƴaƴa. Abubakar ya ba mu Habu da Garba da Buba, Ibrahim ya ba mu Iro, Hadiza ta ba mu Dije, A'isha ta ba mu A'i da Indo, Maryamu ta ba mu Mairo. Wannan shi ne alamar suna ya zauna ya zama ɗan gida. Sababbin kuwa a tsaye suke kan baƙi, ba su tuɓe takalmi ba tukuna. Ku saurari kakar yarinyar in ta zo barka, za ku ji ta ce Afnanu. Kada ku gyara mata. Hausa ce take aikinta a bakinta.

Wani ya ce sunansa Salisu amma shi ne ɗan fari, ko an yi kuskure?

Lawali, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu ƙidaya ce ta Larabci: na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, na biyar. A da, uba mai son sunan Manzo yakan sa wa ƴaƴansa maza Muhammadu duka, sai a bambanta su da lamba. Kai mai yiwuwa sunan wani Salisu ka ci, kawu ko aminin mahaifinka. Ba kuskure ba ne, takwara aka yi maka, lambar ta mai sunan ce.

Wani mushe, wato malamin makarantar boko, da ke koyarwa a Mirya ya koka cewa ɗalibansa ba sa iya rubuta sunayensu da Hausa.

Kukanka nawa ne, mushe. Takardar haihuwa da ta lakwal da rubutun Faransanci ake cika su, shi ya sa Lawali ya zama Laouali, Shu'aibu ya zama Chaibou, Usaini ya zama Ousseini, Cima ta zama Tchima. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kuwa ta faɗi a hanya, Baƙo ya koma Bako. Yaro ya tsallaka Kano da takardarsa, a karanta masa Chaibou da c irin ta "ciki", ya rasa wa ake kira. Ba na cewa kowa ya je ya sauya takardunsa, wannan wahala ce da ba ta da ranar ƙarewa. Amma ka ware musu rabin awa, kowa ya rubuta sunansa da na uwarsa da na kakansa da haruffan Hausa a allo. Yaron da ya iya Ousseini bai iya Usaini ba, an rage masa wani abu nasa.

Wata ta tambayi Bukar da Falmata, ko Hausa ne.

Barebari ne suka tauna Abubakar da Fatima irin tasu taunar, kamar yadda Muhammadu ya zama Modu a bakinsu. Damagaram ta daɗe tana kallon Barno, ba abin mamaki ba ne a ji su a gidajenmu.

Wata amarya ta ce an sa wa ɗanta sunan mahaifin mijinta, yanzu ta rasa yadda za ta kira shi.

Ai don irin wannan aka yi alkunya. Ba ki faɗin sunan surukinki, ga shi kuma ɗan fari, kunya biyu ta haɗu. Ki ce Abba, ko Baba, ko Maisuna. Da mace ce mai sunan uwar miji, sai Ummi ko Inna. Ina jin wasu matan yanzu suna ƙwala wa yaro kira da sunan surukinsu gatsau, har da zagi in ya yi ɓarna, tsohon kuma yana zaune a zaure yana ji. Wannan ba wayewa ba ce, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun kafin bakinki ya saba.

Mai tambaya a kan Gambo: wanda ya biyo bayan tagwaye ne, namiji ko mace.